Ƙoda Don Ɗan Fari

Shekara ashirin da takwas Lauratu ta yi ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifinta a Nasarawa Burkullu. Yabonta ma ake yi. In uwa tana koya wa 'yarta kunya, da Lauratu matar Malam Hammadu take ba da misali.

Tun ranar da aka yaye yaron, Iyatu yayar Malam ta zo daga Gummi ta goye shi ta yi gaba, kamar yadda aka gada. Lauratu tana tankaɗe a lokacin, ba ta ɗaga kai ba har suka fice, sai dai an ce garin ranar sau uku ya bi ta rariya. Yaron ya tashi a Gummi yana ce wa Iyatu Inna, yana ce wa wadda ta haife shi Adda, kamar wata yayarsa. Sunansa Lirwanu. Kowa yana iya faɗa, ita ce dai ba ta iyawa. In ta kama dole sai ta ce "na Gummi". In ya zo gaisuwar Sallah ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango, sannan ta dama fura a ƙwaryar da ta fi kowace girma ta ba ƙaninsa ya kai masa. Wanda bai san mutanenmu ba sai ya ce ƙinsa take yi, alhali duk cikin 'ya'yanta biyar babu wanda take kwana da shi a rai kamarsa.

Da daminar shekarar dubu biyu da goma sha shida ta kankama, ƙafafun Lirwanu suka fara kumbura har ya kasa taka keken ɗinkinsa a kasuwar Gummi. Aka ce shawara ce, aka sha sassaƙe. Aka ce sammu ne, aka sha rubutu. Sai da fuska ta haye, fitsari ya ɗauke, sannan aka tuna da asibiti, asibitin kuma ya tura su Sakkwato. Can aka ce ƙodojinsa duka biyu sun ajiye aiki. Aka sa shi a layin wankin ƙoda, sau biyu a mako, in injin yana da lafiya, in ma'aikata ba sa yajin aiki, in kuma ruwa bai cinye hanya ba. Likitan bai ɓoye musu ba, ya ce wankin nan jan lokaci ne kawai. Maganin shi ne wani nasa ya ba shi ƙoda ɗaya, a je Kano a dasa masa.

To, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Malam Hammadu ya tara dangi a zaure ya faɗa musu. Wani baffa ya ce shi dai yana tsoron ya tashi ranar ƙiyama da rami a ciki, a tambaye shi inda ya kai amanar da aka ba shi. Malam ya ce ya tuntuɓi waɗanda suka fi shi karatu, sun ce ceton rai ne, halas ne. Kowa ya gyaɗa kai ya ce haka ne, daga ranar kuma zauren ya rage baƙi. Malam da kansa ya miƙa hannu aka auna, aka ce hawan jini da ciwon suga sun riga sun kama wuri. Usama ƙanin Lirwanu ya ce a ɗauki tasa ko yau. Amma shekara uku ya yi a Duza yana niƙan dutsen zinariya, gubar dalma tana nan kwance a jininsa, likita ya ce shi ma ya lallaɓa nasa ƙodojin. Sauran yaran shekarunsu ba su kai ba.

Duk wannan Lauratu ta bayan katanga take jinsa. Ba wanda ya tambaye ta, don ba a kai wa uwa zancen ɗan fari. Wata safiya tana miƙa wa Malam kunu sai ta ce:

"Malam, bayan ga nawa ya matsa min. In za a koma Sakkwato a tahi da ni, a auna jinina ni ma."

Malam ya daɗe yana juya ludayi. Ya san bayanta lafiyarsa lau, jiya ma ita ta sauke buhun dawa daga kan jaki. Ya ce, "To." Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba.

Jini ya dace. Aka wuce da su wani babban asibiti a Kano, aka yi ta ɗibar jini ana ɗaukar hoton ciki, wani awon ma sai da aka aika da shi waje aka zauna jira. Duk aka ce ya yi. Saura abu ɗaya, wanda Usama ya ce mata 'yar hira ce kawai.

Aka shigar da ita wani ɗaki ita kaɗai. Likitar mace ce, ba za ta girmi Lirwanu da yawa ba, sai wani dattijo mai furfura a gefe, da wani yana rubutu. Likitar ta yi mata bayani a natse. Doka ta hana cinikin ƙoda, kuma an sha kawo musu mutanen ƙauye a ce dangi ne, ashe sayensu aka yi ko tsorata su. Saboda haka sai mai bayarwa ya faɗa da bakinsa. Ta nuna mata a jikinta inda za a tsaga, nan gefen ciki, ta ce akwai haɗari kamar kowane aiki, ko da yake yawanci ana tashi lafiya. Lauratu ta bi yatsan da kallo, ta ji wurin ya yi mata sanyi.

"To Mama, mene ne tsakaninki da marar lafiyar?"

"Ɗan Iyatu na," in ji Lauratu.

"Wace ce Iyatu?"

"Yayar maigidana."

Likitar ta duba takarda. A wajen sunan uwa, Iyatu Lirwanu ya sa aka rubuta, kuma ita da kunnenta ta ji yana ce wa matar nan Adda.

"Amma ƙaninsa ya ce ke kika haife shi. Haka ne?"

Lauratu ta sunkuyar da kai. A gaban baƙi, har da dattijo sa'an surukinta? Ta ce, "Iyatu ad da shi."

"To faɗa mana sunansa."

"Na Gummi."

"Sunansa na yanka, Mama. Wanda za ki ba ƙodarki."

Lauratu ta ƙara sunkuyar da kai. Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, ina jin kunyar ɗan fari ce."

"Na sani, Baba, kakata ma haka take. To mu bar sunan. Mama, da son ranki za ki bayar? Babu wanda ya matsa miki? Ki ce i ko a'a."

Nan ma Lauratu ba ta ce uffan ba. Hannunta yana kan gefen cikin nan ba ta ma san ta ɗora shi ba. A garinsu shirun mai kunya amsa ce, kowa ya san haka. Likitar ta jira, ta sake tambaya, ta sake jira, sannan ta rufe takardar.

"Na taɓa ganin mai irin wannan shirun, Baba, muka ce kunya ce, ashe ba ita ba ce. Ba zan sa wuƙa a jikin wanda bai ce min i ba." Ta juyo ga Lauratu. "Ki koma gida ki yi tunani. Za mu sake zama ranar Alhamis, mako huɗu daga yau. In aka wuce ranar, likitocin da suka zo yin aikin za su tafi, awon da aka yi muku ya tsufa, sai an sake daga farko. Ban san ko jikinsa zai jira wannan ba."

Haka suka dawo, Lirwanu ya sauka Gummi wajen Iyatu, ita ta wuce Nasarawa Burkullu. A mota Usama ko gyaɗar da ta saya masa bai ci ba.

Tun daga ranar zama ya gagari Lauratu. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta surfa geron da ba a buƙata, ta wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba, ta kwance awaki ta canza musu turke ta mayar da su inda suke. In ta zauna sai ta ji kamar tabarmar da ƙaya. Malam ya shigo ya tsaya ya ce, "Ya batun wancan al'amari?" Ta ce, "Sai addu'a." Ya ce, "Hakanan na," ya fita. Shi ma ɗin ɗansa na fari ne, shi ma bakinsa a ɗaure yake. Mutum biyu a gida ɗaya, abu ɗaya yana cin su, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Maƙwabciyarta Uwani kuwa bakinta a sake yake, kullum sai ta leƙo.

"Ke dai Allah ya tsamo ki. An ce mace mai ƙoda guda ba ta daka, ba ta azumi. An ce ma in sunka buɗe mutum, biyun suka kwashewa su sa mai audugga. Shirun ga da kiy yi, wayo na."

Lauratu ta ji kamar ta ɗauki taɓarya. Ta ce, "Uwani, tuwonki na ƙonewa." Amma bayan matar ta fita maganar ta ƙi fita. Wayo. Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, ranar da ta fito daga ɗakin nan na Kano, kafin baƙin ciki ya zo, sai da ta ji wani sanyi a ranta, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ɗan kaɗan ne, amma ta ji shi. Kunya ce ta hana ta kiran suna, wannan ta tabbata. Amma tambaya ta biyu fa? Kunya ce ta riƙe mata harshe, ko tsoron wuƙa ne ya laɓe a bayan kunyar? Ta juya abin ta kowace fuska ta kasa rabewa, kuma tana jin haushin kanta ƙwarai.

Sai ta fara gwaji. Ta sunkuya a kan turmi kamar mai duba tsaki, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ta je bayan gari cikin gero, inda babu kowa sai tsuntsaye, ta waiga hagu da dama, ta ja numfashi, sai ta ji kamar uwarta da ta rasu tana tsaye a bayanta. Ta tsinki ganyen yakuwa ta dawo da shi don kada a ce me ya kai ta. Mace mai shekara arba'in da shida, wadda ta haihu bakwai ta binne biyu ba a ji kukanta ba, ga ta tana fama da suna guda kamar mai koyon magana. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ma haka.

Ranar Talata da hantsi, saura kwana biyu, wayar Malam ta yi ƙara. Iyatu ce. Malam bai iya rage muryar wayar ba, ita kuma Iyatu ba ta iya rage tata ba, saboda haka duk gidan ya ji.

"Hammadu, yaron ga ya ce ba shi zuwa Kano. Wankin jiya ma bai tahi ba. Na yi hwaɗa, na yi lallashi, ya juya min baya."

"Don mi?" in ji Malam.

"Yac ce ba shi amsar abin da anka tilasta ma mutum. Yac ce mu munka matsa ma Addarshi. Nic ce mai kunya ta. Ka san abin da yac ce min? Wai kunya ta hana ta hwaɗin sunanai, ya yarda. Amma cewa i, ai ba sunanai na ba."

Lauratu tana bakin murhu da mara a hannu. Ta ajiye ta a ƙasa, cikin toka. Ta shiga ɗaki ta yafa mayafi ta fito.

"Malam, za ni Gummi."

Ba ta taɓa zuwa gidan Iyatu ita kaɗai ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa Malam tafiya a tsaye da takalmi a ƙafa ba. Ya ce, "A sauka lahiya."

An kwana ana ruwa, hanyar ta zama kunu. Sau biyu ɗan kabu-kabu yana sauke ta ta taka ya tura babur, laka har ƙauri. A Bukkuyum motar Gummi ta ƙi cika, saura mutum uku, direba yana can gindin bishiyar bedi yana shan rake. Lauratu ta shiga ta fito, ta shiga ta fito. Matar da ba a jin muryarta ko a gidan biki, sai ga ta tsaye a kan direba tana ce masa in shi ba shi da mai jiransa, ita tana da shi. Ya dube ta ya ga ba wasa, ya jefar da raken. A hanya ta yi ta shirya abin da za ta faɗa, tana shiryawa yana rushewa. Sau ɗaya ma ta ji tana fatan taya ta fashe, ta yi istigfari.

La'asar sakaliya ta isa. Tsakar gidan Iyatu cike da mata 'yan dubiya, sun baje a tabarma, kowace da nata maganin da ta ji an ce. Suka ga Lauratu da laka a zane, aka fara gaisuwa ana satar kallo. Iyatu ta miƙe daga kan kujera 'yar tsugunno, doguwar mace, bakin nan ja da goro.

"Kin zo ki ga ɗan Iyatu?"

"Yaya, aro niz zo."

"Aron mi?"

Lauratu ta dubi ƙofar ɗakin da labule ya rufe. Iyatu ta bi kallon, ta yi tsaki, amma idonta ya kawo ruwa.

"Ni ban taɓa mance wanda yah haihe shi ba. Na yi mai wanka, na yi mai kaciya, na sai mai keke. Da tawa ta yi, da ba a kai ga taki ba. Shiga."

Ba ta shiga ba. Ta ɗaga labulen ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda shi yake durƙusa mata. Ta san duk abin da za ta faɗa yanzu, kafin magariba ya gama zaga Gummi, jibi ya isa Nasarawa Burkullu, a ce Lauratu ta zubar da kunyarta da tsufa. Yana kwance a kan gado ya juya wa ƙofa baya, yana numfashi da ƙyar. Wuyansa ya kumbura har ya shafe ƙeya. Ƙeyar nan ita ce abin da ta gani na ƙarshe ranar da aka goye shi, don ƙarya ne ba ta ɗaga kai ba, ta ɗaga.

"Lirwanu."

Sunan ya fito kamar ba da muryarta ba. Lirwanu ya motsa, ya juyo a hankali, idonsa ya wuce ta kafaɗarta ya sauka a kan Iyatu.

"Na'am, Inna?"

"Ba ni ta ba," in ji Iyatu.

Ya duba bayan Iyatu, ya duba wajen matan, yana neman mai kiran. Ko kusa bai kawo ita ba. Wannan ya fi komai yi wa Lauratu ciwo, ya fi wuƙar da take tsoro.

"Lirwanu," ta sake cewa, yanzu har na bakin zaure sun ji. "Ni ta."

Ya zuba mata ido. Ita ma ta dube shi, fuska da fuska, ta ga ashe girarsa irin ta babanta ce.

"Ba wanda yam matsa min. Ni nic ce a auna ni, bayana kuwa bai taɓa ciwo ba. Can Kano kunya nij ji, kuma tsoro nij ji, dut biyu. Ba ni yi maka ƙarya, har yanzu ina jin tsoron. Amma ni nih haihe ka, kuma da son raina za ni ba ka. Jibi haka za ni ce musu, ko sau nawa sunka tambaya. Ka tashi mu tahi."

Wata daga cikin matan ta ce, "Ikon Allah," ƙasa-ƙasa, wata ta zungure ta. Lirwanu ya yunƙura zai sauko ya durƙusa kamar yadda ya saba, jikin ya ƙi. Ya zauna a bakin gado yana haki, ƙafafun nan suna reto. Ya buɗe baki ya ce, "Adda," sai ya tsaya, ya rasa yadda zai ci gaba. Ya share fuska da hannun riga, ya daɗe kansa a ƙasa.

Can ya ce, bai ɗago ba, "Inna, takalmina."

Iyatu ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tsaya ƙyam tana kallon rufin ɗaki, hawaye yana bin kumatunta. Ba ta motsa ba. Lauratu ta jira ta, ta ga ba ta da niyya, sai ta tsallake dokin ƙofa ta shiga. Ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo su. Ƙafar ta fi ƙarfin takalmin, sai da ta kwance maɗaurin gaba ɗaya, ta riƙe diddigen da hannu biyu ta tura a hankali.